Ga masu niyyar fita da uwargida a babur wannan kakar

Jama'a, wanda zai zaga ƙauyuka da iyali, yanzu ne lokacinsa: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, gonaki ko'ina dawa ta sunkuyar da kai. Mu Asabar ɗin nan muka bi ta Kura, Bunkure, Rano har dam ɗin Tiga, muka dawo Kano kafin magariba.

Abin da na fi so ku kula da shi hijabi ne. Kafin ka tada babur, sauko ka duba da idonka, ta tattare shi ta danne a ƙarƙashinta. Na uwargida saura ƙiris sarƙa ta cafke bakinsa bayan Bunkure, Allah ne ya kiyaye. Hular kwano kuwa biyu za ka ɗauka, ko da za ta ce tana ɓata mata ɗauri.

Sai shanya. Manoma suna baza shinkafa da masara a gefen kwalta, taya ta hau kai sai sulɓi. Yashin da damina ta tara a kwana ma haka, rage gudu tun daga nesa.

Cika tanki tun a gari, na 'yan bumburutu tsada. Mai faci ya duba iskar tayar baya, nauyin mutum biyu ne.