Yadda Za Ka Gane Nau'in Yankin OSPF Daga Rumbun Bayanan Rauta

A ce an ɗauke ka aiki a wata ma'aikata mai hedikwata a Bauchi, da rassa a Azare da Misau da Ningi. Wanda ya haɗa musu na'urorin ya tafi, bai bar zane ba, bai bar rubutu ba. Izinin da aka ba ka na dubawa ne kawai, ba za ka iya buɗe saitin rauta ba, wato na'urar da ke tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa. Sai shugaban sashe ya ce yana son sanin wane irin yanki ne kowane reshe kafin a jona sabon layin intanet. OSPF tsari ne da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, kuma yana raba su yanki-yanki. Amsar tana cikin rumbun bayanansa, kuma umarni ɗaya ne ke buɗe shi.

Mataki na farko: san inda kake tsaye

Kafin komai, shiga rautar da ke cikin reshen kanta, wadda duk ƙofofinta ke yanki ɗaya. Kada ka fara da rautar kan iyaka, wato ABR. Ita ƙafarta ɗaya tana yanki 0, babban yankin da sauran ke jonuwa da shi, ɗayar tana reshe, don haka tana riƙe da bayanan ɓangarorin biyu. Nan ne masu koyo suka fi ruɗewa: su ga hanyoyin waje, wato waɗanda aka shigo da su daga wajen OSPF, a ABR, su yanke hukunci cewa reshen yanki ne na gama-gari da ba a hana su shiga ba, alhali ta yanki 0 bayanan suka iso mata.

A rautar Cisco rubuta `show ip ospf database`. A MikroTik, umarnin shi ne `/routing ospf lsa print`. Idan lambar yanki fiye da ɗaya ta fito a kanun, kana kan iyaka ne, sai ka matsa ciki.

Mataki na biyu: karanta kanun

Kowane kai yana ɗauke da nau'i ɗaya na sanarwar da rautoci ke aika wa juna, wadda ake kira LSA. Router Link States shi ne nau'i na 1, kowace rauta tana gabatar da kanta. Net Link States nau'i na 2 ne, daga rautar da aka zaɓa ta wakilci sauran a layin da suke tarayya. Waɗannan biyun ba sa fita daga yankinsu, kuma ba za su gaya maka komai game da nau'in yanki ba. In ba ka ga na 2 ba, galibi layin tsakanin rauta biyu ne kai tsaye. Wuce su.

Inda aikin yake shi ne sauran. Summary Net Link States nau'i na 3 ne, hanyoyin wasu yankuna da ABR ta shigo da su. Summary ASB Link States na 4 ne, yana nuna yadda za a kai ga rautar da ke shigo da hanyoyin waje, wato ASBR. Sai Type-5 AS External, hanyoyin wajen kansu, da Type-7 AS External, hanyoyin waje da aka haifa a cikin yankin NSSA, nau'in da za mu gani a Ningi. Ka lura da abu ɗaya: kan nau'i na 5 ba shi da lambar yanki a gefensa, domin na tsarin ne gaba ɗaya.

Mataki na uku: nemi abin da babu

Mu fara da Azare, yanki 10. Ka ga nau'i na 1, da jerin na 3 mai tsawo, ga kuma na 5 a ƙasa. Magana ta ƙare, yanki ne na gama-gari. Nau'i na 5 ba ya shiga stub, wato yankin da aka toshe wa hanyoyin waje, ko NSSA ko kaɗan.

A Misau, yanki 20, babu na 4, babu na 5. Kada ka yi saurin cewa stub ne. Zai yiwu babu wata hanyar waje a duk tsarin, ka ga babu abin da za a hana shiga ke nan. Shaidar da za ka nema tana cikin jerin nau'i na 3: layin da Link ID ɗinsa 0.0.0.0 ne, kuma ADV Router ɗinsa, wato rautar da ta sanar da shi, ABR ce. Wannan ce hanyar fita da ABR ke bai wa yankin a madadin hanyoyin wajen da ta tare. Idan ka gan ta tare da sauran hanyoyin Bauchi da Azare, stub ne. Idan kuwa ita kaɗai ce a jerin, ba ta da abokiya, to totally stubby ne.

A nan nake so ka tsaya ka natsu, domin wannan ne ya sa na fi amincewa da rumbun bayanai a kan komai. Kalmar `no-summary` da ke mayar da stub ya zama totally stubby a ABR kaɗai ake rubuta ta. Rautar cikin reshe ba ta san da ita ba. Ka tambaye ta da `show ip ospf`, za ta ce maka stub ce, kuma iya saninta ke nan. Rumbunta ne zai nuna maka abin da ya iso hannunta a zahiri.

Ningi, yanki 30, ya fi buƙatar kula. Ka ga nau'i na 7, to NSSA ne, tsarin da takardar ƙa'ida ta RFC 3101 ta fayyace a 2003 don reshen da ke da tasa hanyar waje amma ba ya son na wasu. Sai ka koma jerin na 3: idan a cike yake, NSSA ne zalla, idan 0.0.0.0 kaɗai ke ciki, totally NSSA ne. Matsalar ita ce NSSA ɗin da ba a riga an jona masa hanyar waje ba, ba shi da na 7 ko ɗaya. Alamarsa a Cisco, muddin akwai na 5 a wani yankin kamar Azare, ita ce babu na 5 a nan, ga na 3 da yawa, amma babu 0.0.0.0, domin ABR ba ta bai wa NSSA hanyar fita sai an umarce ta. In an umarce ta, hanyar za ta fito ne ƙarƙashin nau'i na 7.

Mataki na huɗu: gwada da teburin hanyoyi

Rubuta `show ip route ospf`. O IA na nufin nau'i na 3, O E1 da O E2 na 5, O N1 da O N2 na 7. Idan ka ce Misau stub ne, dole ka ga O*IA 0.0.0.0/0, kuma kada ka ga E ko ɗaya. Ka leƙa Bauchi ma: hanyoyin da suke N2 a Ningi za su bayyana a yanki 0 a matsayin E2, domin ABR ta juya su daga na 7 zuwa na 5.

Sannan ka koma rumbun bayanan ka dubi shafin Age, wanda ke nuna shekarun kowace sanarwa a daƙiƙoƙi. Rauta tana sabunta sanarwarta duk daƙiƙa 1800, kuma wadda ta kai 3600 ana share ta. Idan wuta ta ɗauke a reshe rauta ta mutu, sanarwarta na iya zama a rumbun maƙwabtanta har ta cika wa'adin. Duk layin da shekarunsa suka zarce 1800 sosai suna ta hawa, ka tabbatar mai shi yana raye da `show ip ospf neighbor` kafin ka rubuta shi a rahoton da za ka miƙa.