Kurakuran da ake yawan yi wajen ɗora lighttpd a kan NAS

Yanzu NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake jonawa da netwok, ya fara yawa a Katsina, masu situdiyon hotunan biki, makarantun kuɗi, ƴan bizines senta na wajen Kofar Kaura, kowa ya gaji da yawo da filash mai bairos. Sai mutum ya ce ai akwatin nan kullum a kunne yake, bari in ɗora mashi ƙaramar saba ɗalibai su riƙa buɗe burauza suna ɗaukar takardu. Tunanin ba laifi, kuma lighttpd, manhajar sabar yanar gizo da Bajamushen nan Jan Kneschke ya fitar a 2003, ya dace da aikin don bai cin RAM sosai, NAS mai 512MB ma zai ɗauke shi. Matsalar tana wajen yadda ake saita shi.

Kuskuren da kowa ke fara cin karo da shi na fot ne, wato lambar ƙofar da saba ke amsa baƙi ta cikinta. Ka girka, ka kunna, sai ya ce maka Address already in use, ko ka buɗe adireshin ka ga shafin shiga na NAS ɗin maimakon naka. Ba lalacewa ya yi ba, akwai mai gidan da ya riga ka zama. A NAS ɗin kamfanin Synology sabarsu nginx na riƙe da 80 da 443, shafin gudanarwa kuma 5000 da 5001, a na kamfanin QNAP 8080 ne na gudanarwa, don haka kar ka kwafo 8080 daga bidiyon YouTube ka liƙa. Buɗe fayil ɗin saiti lighttpd.conf ka sa server.port = 8090 shikenan. Kuma kafin ka sake kunnawa ka gwada da lighttpd -tt -f sai hanyar fayil ɗin, zai nuna maka layin da ka manta alamar zance.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne server.document-root, saitin da ke faɗa wa sabar foldar da za ta nuna wa mutane. Wallahi mutane sai su nuna shi kan babbar foldar da komai ke ciki, wai don sauƙi, sannan su kunna dir-listing mai jero duk fayilolin folda a burauza, toh kaga duk yaron da ya hau wayifai ɗinka zai ga albashin malamai da sakamakon jarabawa da hotunan amaryar mutane da ba a tace ba. Baƙo a zaure ake sauke shi ba a ɗakin ajiya ba. Ka buɗe folda guda ta daban, ka sa abin da ka yarda kowa ya gani kawai, in akwai wanda sai wasu za su gani ka kunna mod_auth ka sa fasawod.

Daga nan sai 403 Forbidden ta fito, wato an hana shiga, mutum ya fusata ya buga chmod 777 kan komai, ko ya bar sabar na gudana a matsayin root, yuza mai cikakken iko. Eh zai buɗe, amma ka ba kowa damar rubutu da gogewa kenan. Gyaran bai da wuya: ka sa server.username ya zama wani yuza marar iko, izinin folda 755, na fayil 644, sannan ka duba foldojin da ke sama da taka, don in ɗaya daga cikinsu ta hana shi wucewa 403 ɗin ba inda za ta je. Wannan na saman shi ke ɓata wa mutane yini guda.

Sai maganar wuta, mu nan ba sai an gaya mana ba. An ɗauke, an kawo, NAS ya tashi amma shafi ya ƙi buɗewa. Abu biyu ne galibi, ko dai da hannu ka kunna sabar ba ka sa ta tashi da kanta ba, ko kuma rauta ta ba NAS sabon IP. Ka shiga rauta ka ware mashi adireshi ɗaya na dindindin. In da Entware, manhajar girka ƙarin manhajoji a NAS, ka girka, opkg install lighttpd, fayil ɗin tashi yana /opt/etc/init.d/S80lighttpd, ka tabbata Entware ɗin kanshi na tashi, kuma ka kashe ka kunna a gabanka ka gani tun kafin ka bar shagon. Saitinka ya zauna cikin /opt, abin da ka taɓa a foldojin tsarin NAS afdet na iya share shi. UPS kuwa ko ƙarami ne ka saya, yankewar wuta ana cikin rubutu ita ke ɓata fayiloli.

Wani abu da ba a kulawa: access log, rajistar duk wanda ya buɗe shafin. In yana rubutu a kan babban dis, duk wanda ya taɓa shafin sai dis ya farka, ba hutu, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu ta cika fanka. In ba ka buƙatarsa cire mod_accesslog, ka bar error log kawai.

Toh sai masu son a gani daga waje, oga na Abuja yana son ya buɗe a wayarshi. Za ka buɗe fot a rauta ka ga shiru, saboda yawancin intanet na layin waya mutane da yawa ke raba IP ɗaya, in ka ga na rautarka ya fara daga 100.64 zuwa 100.127 to kar ka wahalar da kanka. In ma ya yi, ni ban ba ka shawara ba, bairos ɗin Qlocker a 2021 da DeadBolt a 2022 NAS ɗin da aka bari a buɗe ga intanet suka bi, suka kulle fayilolin mutane sai an biya da Bitcoin. Kashe UPnP mai buɗe fot da kanshi a rauta, ka sa VPN irin Tailscale ko WireGuard a wayar ogan ya shigo ta nan. Kuma ka ajiye kwafi a wani dis da ba ya jone, don RAID, wato dis biyu masu kwafar juna, in an kulle maka fayil duka dis biyun zai kulle.