Yadda nake kai jikokina neman lemar kwaɗi

Idan ruwa ya kwana yana zuba a watan Agusta, ba na barin jikokina su koma barci bayan sallar asuba. A bayan ɗakina nan Zariya akwai tsohon kututturen mangwaro da aka sare tun da daɗewa, kuma a gindinsa lemar kwaɗi take fitowa. Da yamma babu komai a wurin, gari na wayewa sai ga su tsaye, wasu sun buɗe, wasu a tsuke kamar ƙwan zabo.

Idan kina so ki gwada da naki yaran, ki fita da wuri. Ƙananan nan masu siririyar ƙafa ba sa jure rana, kafin azahar sun yanƙwane. Ki duba inda danshi ya haɗu da ruɓaɓɓen itace ko taki: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, gefen turken awaki.

Tun kafin a taka ƙofa ki kafa doka, kuma kada ki yi dariya lokacin da kike faɗa: ido ne zai kalla, ba a kaiwa baki. Wasu guba ne, kuma suna kama da waɗanda ake ci har babba ma ya ruɗe. Ni kowane yaro tsinke nake ba shi ya yi nuni da shi, in mun dawo kowa ya wanke hannu da sabulu.

Daga nan sai ki tsuguna, har idonki ya yi daidai da na yaron. Daga tsaye fari kawai za ki gani a ƙasa. Daga tsugune kuwa za ki ga ƙarƙashin lemar a jere da layi-layi kamar shafukan littafi, da ɗigon ruwa a bakinta. Sai ki yi tambaya ɗaya, "Wa ya fake a nan daren jiya?", ki yi shiru. Shirun nan shi ya fi wuya, domin bakin babba yana ƙaiƙayin ba da amsa. Jikata 'yar shekara biyar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kaka, amaryar kwaɗo ce, ruwa ya tare su a hanyar kai ta ɗaki." Yayanta ya ce ai babbar lemar ta ango ce, amma Gizo ya sace ta zai kai kasuwar Sabon Gari. Har aka kira su karin kumallo ba su gama shari'ar Gizo ba.

Wani lokaci a filin ciyawa za ki tarar sun fito a zagaye kamar an zana da'ira. A Ingila da Ailan mutanen da suna cewa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne suka kwana suna rawa a wurin, a Jamus da Faransa kuma zoben mayu ake kiransa. Ni ba na sako zancen aljanu ko mayu, don kada yaro ya ji tsoron zagawa bayan gida da dare. Kwaɗi da Gizo sun ishe mu. Manyan yaran kuwa ina gaya musu dalili: ainihin jikin abin farin zare ne a cikin ƙasa, yana cin abinci yana faɗaɗa daga tsakiya zuwa waje, lemar kuma a bakin iyakarsa take tsirowa. Wadda ke fitowa jikin suri ma gara ce ke nomanta a cikin gidanta, abin da ya fi ba su mamaki ke nan.

Kafin ku koma ciki, ki cire hular guda ɗaya da ta buɗe sosai, ki kifa ta a kan takarda, ki rufe da kofi, ki ajiye inda hannun ƙarami ba zai kai ba. Washegari ki bar yaron ya ɗaga kofin da kansa, ke ki ɗauke hular a hankali. Irinta zai zubo kamar gari ya zana layukan nan a zagaye. In garin fari ne ba ya fitowa a farar takarda, shi ya sa nake haɗa fara da baƙa in kifa hular a tsakaninsu.