Yadda Za Ka Adana Abin Da Ke Cikin Wayarka Tun Kafin Ta Ɓata

Da wuya wata ya wuce ba a kawo mini sabuwar waya ana cewa in dawo da kayan tsohuwa ba. Wani an fizge masa tasa a cikin adaidaita sahu, wata tata ta faɗa bokitin wanki, wani kuwa da daddare ya sa caji, gari ya waye ta ƙi kawo wuta. Tambayata ta farko kullum ɗaya ce: ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa? Amsar da na fi ji ita ce, "Ai mai shagon ne ya buɗe mini." Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, domin na san inda maganar za ta ƙare.

Wannan bayani na masu Android ne, su Tecno, Infinix, itel da Samsung, tunda su suka fi yawa a hannunmu. Mai iPhone zai yi kusan irin wannan aikin ne a iCloud, wato ma'ajiyar kamfanin Apple ta intanet, sai dai shi 5GB kacal ake ba shi kyauta. Ba zan tsaya a kan yadda ake sauke manhaja ko haɗa Wi-Fi ba, wanda ke karanta wannan ya wuce nan.

Mataki na farko: ka mallaki asusunka na Google

A nan zan fi daɗewa, domin a nan ake yin asara. Mutane da yawa sun kunna ajiyar WhatsApp, hotunansu ma suna hawa intanet kullum, amma ranar da waya ta tafi sai a tarar ɗakin cike yake da kaya, makulli kuwa babu.

Gwaggona tana sayar da atamfa da leshi daga gida. Lissafin bashinta duk a WhatsApp yake, yawanci ma saƙon murya ne: wance ta ɗauki turmi biyu, za ta biya ƙarshen wata. A ciki kuma akwai muryar mijinta marigayi, saƙonnin da ya riƙa turo mata daga asibiti. Ranar da aka ƙwace wayar ta zo gidanmu bayan Magariba, ta zauna a bakin tabarma ko mayafi ba ta cire ba, ta miƙo mini kwalin sabuwar da aka saya mata. Na ce, "Gwaggo, wa ya buɗe miki Gmail?" Ta ce, "Ɗan nan, yaron shagon ne, ya ce ba sai na riƙe komai ba." Mun koma shagon washegari, yaron ya daɗe da barin wurin, lambar da ya sa ta dawo da asusun kuma tasa ce. Mun yi kwanaki muna cike tambayoyin Google, ba mu samu shiga ba. Kuɗin bashin wasu masu tsoron Allah sun kawo da kansu. Muryar mamacin ce ba ta dawo ba, kuma ita ce abin da har yau take ambata.

Saboda haka yau ɗin nan, wayarka tana hannunka, shiga saitinta ka taɓa Google, ka buɗe wurin kula da asusu, ka je sashen tsaro, wato Security. Fara duba adireshin da ke sama ka rubuta shi harafi bayan harafi. Sannan ka gwada kanka: buɗe kwamfuta ko wayar wani, ka shiga gmail.com da kalmar sirrin da kake zaton ita ce. In ta ƙi, ka canza ta yanzu daga wayarka, tunda Google ya san wannan wayar, sauyin kan zo da sauƙi. Bayan ta ɓata kuwa, kai baƙo ne a wurinsa.

A wannan sashen dai za ka ga lambar waya da imel na dawo da asusu. In ka ga lambar da ba ka sani ba, cire ta nan take. Ƙa'idata ita ce kada lambar dawowar ta zama layin da ke cikin wayar nan kaɗai, domin ɓarawo tare yake tafiya da waya da layi. Sa layinka na biyu da ke gida, ko na matarka, ko na ɗan'uwan da ka amince da shi, wanda ba ya yawan canza lamba. Imel na dawowa shi ma ya zama wanda za a iya buɗewa ba tare da wayarka ba.

Sai tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri Google ya ƙara neman wata shaida, kamar lambar da zai turo wa wayarka. Kunna ta, ba na jayayya a kan wannan. Amma kana kunnawa ka nemi lambobin ko-ta-kwana da Google ke kira Backup codes. Guda 10 ne, kowace tana da alƙaluma 8, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Su ne za su shigar da kai ranar da babu waya babu layi. A nan ni ma na taɓa ƙonewa. Na fitar da lambobin, na ɗauki hotonsu da wayar na bar shi a cikinta, ina ganin na gama. Da allon wayar ya mutu ina kan tafiya, lambobin suna ciki, saƙon tabbatarwa kuma ita ake turo wa. Kwana huɗu ban buɗe imel ɗin aiki ba, sai da aka sa wa wayar sabon allo da kuɗin da ban shirya kashewa ba. Tun daga ranar biro da takarda nake amfani da su. Rubuta adireshin, kalmar sirri da lambobin goma a takarda ɗaya, ka sa ta inda kake ajiye takardun makaranta ko na fili. Kada ka sa ta a bayan murfin wayar, na sha ganin masu yin haka.

Akwai wani dalilin da ya sa kalmar sirrin nan take da nauyi. In an goge waya ta hanyar maɓallan gefe, Android zai nemi asusun Google ɗin da yake kanta kafin ta buɗe. An yi hakan ne don hana ɓarayi morar wayar sata, amma yana kama mai waya ma idan bai san asusunsa ba.

Layinka kuma ka tabbatar da sunanka da lambarka ta NIN aka yi masa rajista. Tun ƙarshen 2020 aka fara haɗa layuka da NIN a Najeriya, kuma in ka je a dawo maka da layin da ya ɓata, bayanan wanda ya yi rajistar za a nema. Wanda yake riƙe da layin da yayansa ya yi wa rajista shekaru goma baya, gara ya gyara tun yayan yana kusa.

Mataki na biyu: lambobin mutane

Daina ajiye lamba a kan sim ko a cikin ƙwaƙwalwar waya. Buɗe manhajar Contacts ta Google, ka shiga saitinta ka zaɓi Gmail ɗinka a matsayin inda sabuwar lamba za ta riƙa zama. Waɗanda suke kan sim ka kwaso su ta wurin shigo da lambobi. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe contacts.google.com a kwamfuta. Abin da ka gani a can shi ka mallaka. In wayarka tana nuna mutum ɗari takwas, can kuma ka ga arba'in, sauran suna cikin haɗari. Lambobi ba sa cin wuri kuma ba sa cin data, babu uzurin barin wannan.

Mataki na uku: WhatsApp, amma a fara da shara

Google yana ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. A da ajiyar WhatsApp ba ta shiga wannan lissafi, amma daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 aka fara ƙirga ta a ciki. Idan wurin ya cika, ajiya tana tsayawa, imel ma ya daina shigowa, kuma mutane da yawa ba sa lura sai bayan watanni.

Don haka kafin ka kunna komai, shiga saitin WhatsApp, ka taɓa Storage and data, sannan Manage storage. Zai nuna maka fayilolin da suka wuce 5MB da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. A nan za ka ga gaskiyar wayarka: bidiyon biki guda ya shigo ta guruf uku, gaisuwar Juma'a ta shekara biyu, wa'azin minti arba'in da ba ka taɓa buɗewa ba. Goge su. Ka koma shafin Storage and data ka kashe saukar da bidiyo da hotuna kai tsaye, ka bar wa kanka zaɓin abin da za ka sauke. Wannan kaɗai yana rage kuɗin data sosai, musamman ga wanda yake cikin guruf na dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai.

Yanzu koma saiti, Chats, Chat backup. Zaɓi asusun Google ɗin da ka tabbatar da shi a matakin farko, ka duba da kyau, domin masu asusu biyu sukan tura ajiya cikin wanda suka manta. Ɗan kasuwa ya sa kullum, sauran mutane mako-mako ya isa. Kada ka kunna haɗawa da bidiyo, shi ke cinye wurin, bidiyon da kake so da gaske za mu kai shi kwamfuta. Ajiyar farko ita ce mai nauyi, ka yi ta a kan Wi-Fi ko ka sayi datar dare mai araha ka bar wayar a caji. Na baya ƙari ne kawai a kan na farko. In ba ka da Wi-Fi ko kaɗan, sai ka kunna izinin yin ajiya da datar layi, in ba haka ba za ta yi ta jira har abada. Bayan kwana biyu ka dawo shafin ka duba kwanan watan ajiya ta ƙarshe da idonka.

Akwai zaɓin kulle ajiyar da kalmar sirri ko da makulli mai alƙaluma 64. Kariya ce mai kyau, amma in ka manta, WhatsApp da kansa ba zai iya buɗe maka ba. Wanda ba zai rubuta a takardar nan ba, ni ina ba shi shawara ya bar ta a kashe. Abin da ba na yafe wa kowa shi ne lambar sirri mai alƙaluma 6 ta tabbatarwa mai mataki biyu, a ƙarƙashin Account. Ita ke tare masu kiran nan da ke cewa an sa ka a taron guruf, ka karanto musu lambar da aka turo maka. Haɗa ta da imel, domin wanda ya manta ta ba shi da imel sai ya jira kwana 7.

Mataki na huɗu: hotuna

Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka tun 1 ga Yuni, 2021, don haka komai daga cikin 15GB ɗin yake fita. Kunna ajiya ka zaɓi Storage saver, yana matse hoto kaɗan, a allon waya ba za ka ga bambanci ba. Jakar kyamara kaɗai za ka bari tana hawa, kada ka haɗa da jakar hotunan WhatsApp. Ka kuma kiyaye wannan: hoton da ka goge a cikin manhajar yana gogewa a waya da intanet gaba ɗaya. In wuri kake nema a waya, Free up space za ka taɓa, shi yana cire na wayar ne ya bar na sama.

Mataki na biyar: kwafi a kwamfuta

Sau ɗaya a wata, haɗa wayar da kwamfuta da kebul mai ɗaukar bayanai, wasu na caji ne kawai. Ja sanarwar da ta fito ka zaɓi tura fayil. Kwafe jakar DCIM, inda hotunan kyamara suke, da ta Download, da ta WhatsApp wadda a sababbin wayoyi take cikin Android, sannan media, sannan com.whatsapp. Sa wa jakar sunan wata da shekara. Marar kwamfuta ya sayi filash mai bakin waya, amma a shagon da ya yarda da shi, jabu sun yi yawa. Danna *#06# ka ƙara lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, a takardarka.

Ranar da abin ya faru

Fara kiran bankinka da kamfanin layi a rufe, domin da layin ake kwashe kuɗi. Shiga android.com/find daga wata na'ura ka kulle wayar ko ka goge ta. Je ka karɓo layinka. A sabuwar waya, asusun Google za ka fara sawa, da kanka, da takardarka a hannu, kada ka bari a buɗe maka sabo a shago. Bayan nan ka sauke WhatsApp, ka sa lambarka ta dā, kuma idan ya nuna ya ga ajiya ka taɓa Restore a lokacin. In ka tsallake wannan shafin, sai ka cire manhajar ka sake sawa kafin ya ƙara tambayarka, kuma ka yi hakan da wuri, tun sabuwar ajiya marar komai ba ta hau kan tsohuwar ba.