Soyayyen burodi mai ciko: inda aka fi samun matsala da yadda za ki gyara

Soyayyen burodi da ƙwai, irin wanda ake saka ma ciko a tsakiya a zuba kayan marmari a kai, karin kumallo ne mai riƙe ciki sosai in an yi shi daidai. Amma sau da yawa sai ki ga waje ya yi baƙi, ciki kuma ɗanye caɓal, cikon ya tsiyaye a kasko. Yawanci abu biyu ne ke jawo haka, ruwa ya yi yawa ko wuta ta yi yawa.

Daga burodin ake fara kuskure. Sabon burodi mai laushi da aka kawo yau da safe yana shan ruwan ƙwai ya narke a hannunki tun kafin ya kai kasko. Ki nemi wanda ya kwana, in da hali na alkama, ki yanka shi da kauri kamar faɗin yatsu biyu, sai ki tsaga gefe ɗaya da wuƙa ki yi masa aljihu, kar ki raba shi gida biyu. In sabo kawai gare ki, ɗan gasa shi a busasshen kasko tukunna.

Cikon shi ne inda na fi jin takaici wallahi, don nan ne amfanin abin yake kuma nan aka fi ɓata shi. Mutane su ɗebo yogot na roba mai zaƙi, ruwa tsululu, su ɗura a burodi, yana jin zafi ya gudu. Ki samu kindirmo ko yogot marar suga, ki juye a tsaftataccen yadi mai shara-shara ki ɗora a kan rariya, a sa a firij ya kwana, da safe za ki ga ruwan ya tsane ya bar mai kauri wanda ke tsayawa a cokali, to shi ake so. Tataccen yogot irin wannan giram 100 yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 10, ƙwai babba guda ɗaya kusan giram 6, niƙaƙƙiyar gyaɗa, in kin haɗa ta a cikon, cokali biyu kusan giram 7. Kin ga da ƙwai 2 da yogot giram 100 da gyaɗa cokali biyu kin doshi giram 30 ba tare da kin sayi garin furotin mai tsada ba. Cuku ma yana yi in kin murmushe shi a ciki. Sai dai kar ki cika aljihun dam, cokali biyu ya isa kowane aljihu, ki bar ɗan fili a baki ki matse.

Ruwan ƙwan kuma ba a cika masa madara. Ƙwai 2, madara cokali 4, ɗan kirfa da ɗan gishiri, ki kaɗa sosai har sai farin ƙwan ya daina yauƙi. Ki tsoma kowane gefe kamar daƙiƙa 15 ki ɗaga ya ɗiga. Kuma don Allah kar a zuba suga a nan, shi ke saurin ƙonewa ya sa ki zaci ya soyu alhali cikin bai nuna ba.

Wuta ƙasa-ƙasa, mai ko bota ƙaramin cokali ɗaya, ba a tsamo shi a mai kamar ƙosai. Minti 3 zuwa 4 kowane gefe, ki rufe kaskon na ɗan lokaci zafi ya ratsa tsakiya, kuma ki daina danna shi da cokali, cikon kike matsowa waje. In yara ko mai juna biyu za su ci, ki tabbatar ƙwan ya nuna har ciki.

Sai kayan marmarin. Ana zuba su ne bayan an sauke, lokacin da za a ci. Ayaba da mangwaro sun fi dacewa, sitiroberin Jos ma in lokacinsa ne, kankana dai ruwanta jiƙa burodin yake yi. Ɗanyar abarba da gwanda kuwa kar ki cuɗa su da yogot ki ajiye, suna da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara, sai ya tsinke har ya yi ɗaci-ɗaci. In kina son abarba ki ɗan dafa ta minti 5 a tukunya, ruwanta ya yi kauri ki zuba a sama. In ayabar ta nuna sosai ma ba kya buƙatar zuma, in kuma dole sai da ita, ƙaramin cokali ɗaya ya wadatar.