Yadda Za Ka Zaɓi Kaurin Tsirkiya Ga Jitar Bes Mai Tsirkiya Biyar

Duk wanda ya saba da jitar bes mai tsirkiya huɗu, sannan ya koma wa mai biyar, abu na farko da yatsunsa za su gaya masa shi ne cewa tsirkiyar nan ta biyar, wadda ake saitawa a kan sautin B, mafi ƙasa a cikinsu, ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Sauran huɗun suna amsawa da zarar an taɓa su, ita kuwa sai ta yi laɓo-laɓo, ta riƙa dukan ƙarafan firet, wato siraran ƙarafan da ke jere a gicciye a wuyan jita, sautinta ya fito a dagule kamar ana magana cikin randa. Abin da yawancin makaɗa ke yi daga nan shi ne su nemo tsirkiya mafi kauri da aka samu a kanti, suna zaton kauri kaɗai ne maganin. Wani lokaci a dace, amma sau da yawa kuɗi ne ke tafiya a banza, domin kauri ɗaya ne kawai cikin abubuwan da ke sa wannan tsirkiya ta yi magana sarai.

Yana da kyau a fara da sanin abin da ake nema daga wurinta. Tsirkiyar E ta jitar bes tana karkarwa sau 41 da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, A sau 55, D sau 73 da ɗoriya, G kuma sau 98. Ita B ƙasa da sau 31 take yi. Tsawon inci 34 da yawancin jitocin bes ke da shi tsakanin matashin sama (ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya) da jaki (ƙarfen da ke riƙe gindinsu a gangar jiki) ya samo asali ne daga Precision Bass da Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951, kuma da tsirkiya huɗu aka tsara shi, E ce mafi ƙasa. Ko da kamfanin Fender ya yi mai tsirkiya biyar a 1965, siririyar C ya ƙara a sama. Sai a tsakiyar shekarun 1970 makaɗa irin su Anthony Jackson da Jimmy Johnson suka sa aka ƙera musu jitoci masu B a ƙasa, kuma abin bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1980, inda Music Man ya fitar da StingRay 5 a 1987. Wato dai an ɗora wa tsohon awo nauyin da ba don shi aka yi shi ba, kuma daga nan duk wahalar ta taso.

Lambobin da ke jikin fakiti kaurin tsirkiya suke nunawa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Idan ka ga 45, ana nufin 0.045 na inci, wato milimita 1.1 da ɗan abin da ya hau. 105 ta kai milimita 2.7, 130 kuwa milimita 3.3 ce. Fakitin da aka fi samu na tsirkiya biyar shi ne 45, 65, 80, 100, 130, kuma haka D'Addario EXL170-5 da Ernie Ball Regular Slinky mai biyar suke zuwa. Akwai mai sauƙi, 40, 60, 75, 95, 125, akwai kuma mai nauyi da ke ƙarewa da 105 da 135.

Abu uku ne ke yanke yadda tsirkiya za ta ɗame: nauyinta, tsawonta, da sautin da aka saita ta a kai. Daga nan ake samun wani ɗan lissafi wanda, a ganina, ya fi duk wata shawarar baki amfani. Tazarar sautin da ke tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta iri ɗaya ce, saboda haka idan kana so B ta ɗame daidai da E, sai kaurinta ya kai na E sau ɗaya da sulusi, ko kusa da haka. Idan E ɗinka 95 ce, abokiyar zamanta 125 ce ko ɗan sama. Idan 100 ce, lissafi zai ba ka 133, wato tsakanin 130 da 135. Idan kuwa 105 ce, sai ka kai 140 kafin su yi kunnen doki. Yanzu dubi fakitocin da ke haɗa E mai 105 da B mai 125, waɗanda suna da yawa a kasuwa: tun daga masana'anta B ɗin ta taho a sake idan aka gwada ta da E, kuma yatsa yana jin wannan bambanci duk lokacin da ya tsallaka daga ɗaya zuwa ɗaya. Mai irin wannan fakiti ba lallai ne ya ƙara wa B kauri ba. Zai iya rage E zuwa 100 ko 95, sai ramin da hannunsa ke ji tsakaninsu ya ragu. Lissafin ba ya fita cif-cif, domin yadda ake naɗa tsirkiya ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ya isa ya nuna maka inda za ka dosa.

Sai batun tsawo. Ka auna daga gefen matashin sama zuwa firet na 12, ka ninka biyu, shi ne tsawon jitarka. Ƙarin inci ɗaya, daga 34 zuwa 35, yana ƙara wa tsirkiya ɗamewa da kusan kashi 6 cikin ɗari, yayin da hawa daga 125 zuwa 130, ko daga 130 zuwa 135, ke ƙara kusan kashi 8. Saboda haka 125 a kan jita mai inci 35 ta kusa yin aikin 130 a kan mai inci 34. Jitocin Dingwall na ƙasar Kanada, masu firet a karkace, suna ba B har inci 37 alhali G tana nan a 34, abin da ke ƙara mata kusan kashi 18 ba tare da an taɓa kaurinta ba. Shawarata ga mai inci 34 ita ce ya fara da 130, ga mai inci 35 kuma 125 ko 130, kada kuma ya motsa daga nan sai ya san ainihin abin da yake kuka da shi.

Idan ƙungiyarku tana sauke saiti, lissafin ya canza. Sauke rabin mataki, wato tazarar firet ɗaya, yana cinye kusan kashi 11 na ɗamewar, cikakken mataki kuma kusan kashi 21. Wanda ke sauke tsirkiyar cikakken mataki zuwa A maimakon B, kuma yana son ya ji ta kamar yadda 130 take a B, zai buƙaci 145.

To, me zai hana kowa ya ɗauki 140 ko 145 ya huta? Dalilin shi ne tsirkiya ba ta ƙara nauyi kawai idan ta yi kauri, tana ƙara tauri ma, kuma tauri abokin gabar sauti mai tsabta ne. Kunne ba ya gane B ta hanyar karkarwa 31 ɗin nan ita kaɗai, musamman tun da lasifikoki da yawa ba sa iya fitar da ita da ƙarfi. Yana dogara ne da ƙananan muryoyin da ke hawa kanta, na 62, da 93, da abin da ya yi sama. A tsirkiya mai laushi waɗannan muryoyi suna jeruwa daidai. A mai tauri kuwa suna ɗan zarce inda ya kamata su tsaya, kuma abin yana ƙara muni gwargwadon yadda ka gajarta ta da yatsa. Gwada da kanka: danna B a firet na 5, wanda shi ne sautin E, ka saurara, sannan ka kaɗa E a buɗe. Daga nan ka hau firet na 10, ka gwada shi da A a buɗe. Idan a ƙasa sautukan biyu suna kama da juna, amma a sama B ta koma wani dum-dum maras fuska, mai ɗan ƙara kamar ta ƙararrawa, to tsirkiyar ta yi wa jitar tauri, kuma ƙara kauri zai ƙara dagula lamarin ne. Makaɗin da ba ya wuce firet na 5 a kan B zai ji daɗin 135. Wanda ke yawo a kanta har sama, yana amfani da ita don kada ya riƙa kai hannu can ƙarshen wuya, 125 ko 130 za ta fi yi masa biyayya.

Kada kuma a manta cewa tsirkiya biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a hannu. A cikin kowace akwai wayar ƙarfe da aka naɗe da wasu wayoyi, kuma wannan wayar ciki wani lokaci mai kusurwa shida ce, wani lokaci mulmulalliya. Mai kusurwa shida ta fi tsayawa ƙyam, mulmulalliyar ta fi lanƙwasuwa. Naɗin waje na ƙarfe maras tsatsa ya fi kaifin murya, yana kuma taimaka wa B ta fito fili a cikin taron kayan kiɗa, na nikel kuwa ya fi taushi a yatsa da kunne. Tsirkiya mai santsin baya, wadda aka naɗe da waya mai faɗi, ta fi tauri a kan lamba ɗaya, don haka mai son irinta ya ɗauki lambar da ke ƙasa da wadda ya saba. Akwai kuma wadda ake sirantar da gindinta daidai inda take hawa sirdin jaki, wato ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke zama a kansa. Ni ina ganin wannan dabara ta fi amfani a kan B fiye da kowace tsirkiya, musamman daga 135 zuwa sama, domin tana barin ta ta lanƙwasa sosai a kan sirdi, tana kuma shiga ramin jaki ba da kokawa ba. Sai dai idan ka sa irinta dole ka ɗaga sirdin, tun da siririn wurin ne ke zaune a kansa, ka kuma tabbata sirantaccen ɓangaren bai yi tsawo ya shigo can cikin inda ake kaɗawa ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka auna tsohuwar tsirkiyarka daga ƙwallon gindi zuwa inda ta wuce matashi. Kaurin B ya kamata ya ƙetare matashi, sannan ya sirance kafin ya isa sandar kunnen saiti, wato sandar da ake naɗa tsirkiya a kai. Idan ya sirance tun bai kai matashi ba, tsirkiyar ta yi gajarta. Idan kuma kaurin ya hau sandar, naɗin yana iya buɗewa ko wayar ciki ta karye. Jita mai inci 35, da wadda ake zura wa tsirkiya ta bayan gangar jiki, galibi suna buƙatar fakiti mai ƙarin tsawo, kuma ana rubuta hakan a jikinsa.

Da yawa daga cikin tsirkiyoyin B da ake zargi da rashin kyau, sa su ne ba a yi daidai ba. Ka bar tsawon da zai zagaya sandar sau biyu zuwa uku, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, domin tsirkiyar ta danne matashi da kyau. Idan wayar cikinta mulmulalliya ce, ka lanƙwasa ta sosai da filaya kafin ka yanke, ka yanke bayan lanƙwasar, in ba haka ba naɗin zai saki, sautin ya mutu tun ranar farko. Kada ka naɗa ta a sandar da hannu, domin hakan yana murɗe ta. Juya kunnen za ka yi, ka bar ƙwallon gindi ya walwala kafin ta ɗame. Bayan ta kai saiti, ka duba ta daga gefe a daidai sirdi. Za ka ga ta taso ta yi ɗan baka maimakon ta karya kwana. Sa babban yatsa a gaban sirdin ka danna da ƙarfi har bakan ya kwanta, ka yi haka a gaban matashi ma, sannan ka sake saiti. Wannan ɗan aiki na daƙiƙa goma yakan gyara sautin da mutum ya yi wata yana kuka da shi.

Idan ka ƙara kauri, ka duba ramin matashi. Tsirkiyar ta zauna har ƙasan ramin, ta kuma zame ba tare da ƙara ba idan ana juya kunne. In ta maƙale a baki, sai an faɗaɗa ramin da siririn magagari, gefe da gefe, ba a taɓa zurfinsa ba, kuma wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa mai gyara, don abin da aka goge ba ya dawowa, matashin da aka matsa wa tsirkiya da ƙarfi kuma tsagewa yake yi ta gefen B.

Sabon fakiti yana canza yadda wuya ke lanƙwasa. Ka danne B a firet na farko da na ƙarshe, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Abin da ake so bai wuce kusan sulusin milimita ba, kamar kaurin katin gayyata. Idan ta yi yawa ko ta ɓace, a juya sandar ƙarfen cikin wuya da alanki, rubu'in zagaye kawai a lokaci guda, a bar itacen ya zauna kafin a ƙara. Mu da muke fama da bushewar hunturu da laimar damina mun san itace ba ya zama wuri ɗaya, don haka tsirkiyar da ta fara dukan firet da shigowar sanyi wataƙila ba ta da laifi, wuyan ne ya motsa. B tana lilo fiye da sauran, saboda haka ka ba ta tsayi kaɗan fiye da E, wajen milimita 2.5 zuwa 3 a firet na 12, gwargwadon nauyin hannunka. Ka kuma ɗan nutsar da maganaɗisun ɗaukar sauti ta gefenta, domin idan ya matso ta da yawa yana janta, sautin ya riƙa rawa kamar murya biyu ke faɗa.

Daga ƙarshe sai daidaita sirdi. Ka kaɗa B a buɗe, na'urar saiti ta tsaya a tsakiya, sannan ka danna firet na 12 da irin ƙarfin da kake kiɗa da shi. Idan allurar ta zarce, ka ja sirdin baya, nesa da wuya. Idan ta gaza, ka turo shi gaba. Tsirkiya mai kauri tana neman sirdi ya koma baya fiye da siririya, kuma a wasu jitoci za ka tarar sirdin B ya ƙure bai kai ba. Idan haka ta faru da 135, ka koma 130, ko ka nemi mai sirantaccen gindi. Bayan ka gama, ka ba sabuwar tsirkiyar mako ɗaya ko biyu tana aiki a wurin atisaye tare da ganga da fiyano, ka rubuta lambarta da sunan kamfanin a takarda ka ajiye cikin jakar jita, sannan idan za ka canza wani abu a karo na gaba ka canza abu ɗaya tak, ko kauri ko irin naɗi, domin ka san wanne ne ya kawo bambancin.