Darasi: Zauren da ke Tsakiyar Ƙwaƙwalwa

Kafin mu shiga karatun yau, kowa ya tsaya ya ji rigar da ke jikinshi. Kun ji ta? To ai tun safe tana nan tana taɓa fatarku amma ba ku kula ba sai yanzu da na ambata. Wannan abin da ya riƙe labarin rigar har sai da kuka neme shi, shi za mu koya yau.

A tsakiyar ƙwaƙwalwa can ciki akwai wasu curi biyu kamar ƙananan ƙwai, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane tsawonshi kamar santimita 3 zuwa 4. Likitoci na ce musu talamus, kalmar Girkanci ce mai nufin ƙuryar ɗaki. Ni dai in ina bayani zaure nake ce mishi, don baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye, sai ya yi sallama a zaure an san da zuwanshi tukuna.

Ga misali, uwar gida ta je kasuwar Dole awon hatsi, ta cusa hannun dama cikin tiya, yatsanta ya ci karo da tsakuwa. Ƙwayoyin ji da ke fatar yatsan su aika saƙo ta jijiya, ya shiga laka, ya hau sama har gindin ƙwaƙwalwa, a nan ya ƙetara zuwa ɓangaren hagu, sannan ya iso zaure. Ƙwayoyin jijiyar talamus, waɗanda ake kira nuron, su karɓa su miƙa ma ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, sai a lokacin ta san tsakuwa ce ba hatsi ba. Ku riƙe wannan ƙetarawar da kyau: hagu ke ji ma dama, dama ke ji ma hagu. Saƙon taɓi na iya gudun mita 70 a daƙiƙa guda, amma wani irin saƙon ciwo ko mita 2 bai kai ba, shi ya sa in ka yi tuntuɓe sai ka ji bugun tukuna sannan raɗaɗin ya biyo baya.

Ido na da wurinshi a zauren, kunne ma, ɗanɗano ma. Hanci kaɗai ke da ƙofar kanshi, ƙamshi na isa ɓawon ƙwaƙwalwa ba tare da ya fara tsayawa a talamus ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne zauren nan ba wucewa kawai ake ba, tankaɗe ake yi. Jijiyoyin da ke saukowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa talamus sun fi waɗanda ke kawo saƙo daga ido ko fata yawa nesa ba kusa ba, wato mai gida na ta aiko da umurni, wannan a shigo da shi, wancan ya dakata. Kuma akwai wani siririn mayafi na nuron da ya lulluɓe talamus ɗin, aikinshi rage ƙarfin saƙon da ba a buƙata. In kana farke nuron ɗin na miƙa saƙo ɗaya bayan ɗaya yadda ya zo, in barci ya yi nauyi sai su koma bugawa a tare su yi shiru, su buga su yi shiru, labarin waje ya rage shiga, ga kabu-kabu na wucewa bakin titi kai ko ba ka sani ba.

Wani kawuna mai hawan jini, tansiyo ɗin nan, ya tashi wata safiya rabin jikinshi na hagu ya mutu mishi, ba ya jin taɓi, aka ce ko iska ce aka yi ta turare kwana biyu kafin a kai shi asibiti. Bayan watanni sai ɓangaren ya koma zafi kamar wuta, ko zane ya goge shi sai ya yi ƙara, har wasu na cewa raki ne. Wallahi ba raki ba ne, jini ne ya yanke ma talamus ɗinshi na dama, kuma likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, sun bayyana wannan ciwo tun 1906. Don haka duk wanda rabin jiki ko rabin fuska ya mutu mishi farat ɗaya, a kai shi asibiti a lokacin nan, kar a ce sai gobe.

Aikin gida: ku samu tsinken tsintsiya biyu, ɗan uwanku ya rufe ido, ku taɓa mishi kan yatsa da su a tare a hankali, tsakaninsu kamar milimita 3, ku tambaye shi guda nawa ya ji. Sannan ku yi haka a gadon bayanshi kuna ƙara ware su har sai ya ce biyu. Ku auna tazarar, ku rubuta a kaye ku zo da ita.